Dakta Von Braun: Ya Kai Mutane Wata, Ya Mutu Da Burin Mars

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu kawo muku labarin wani Bajamushe mai suna Dakta Wernher von Braun. Shi ne ya shugabanci aikin ƙera rokar da ta ɗauki mutanen farko da suka taka wata a shekarar 1969. To, amma shi a ransa wata zango ne kurum. Inda ya ƙwallafa rai ɗan Adam ya je shi ne Mars, jar duniyar nan maƙwabciyar tamu wadda Larabawa ke kira Mirrih. Ya rasu bai ga haka ba, ya kuma bar mana tambaya: in an je can, ana iya zama?

Ƙuruciyarsa

An haife shi ran 23 ga Maris, 1912, a garin Wirsitz, wanda a lokacin yana cikin Jamus, yanzu kuwa yana cikin Polan. Ɗan manyan mutane ne, har mahaifinsa ya taɓa riƙe Ministan Aikin Gona. Mahaifiyarsa ce ta ba shi kyautar madubin hangen taurari yana yaro. Da fari ba ya taɓuka kome a darasin lissafi. Sai wani littafi na Hermann Oberth a kan tafiya sararin samaniya ya faɗo hannunsa. Ya buɗe, ya tarar duk lissafi ne, bai gane ba. Daga ran nan ya duƙufa, har ya zama gwani.

A 1930 ya shiga wata ƙungiya ta masu gwajin roka a Barlin. Ƙungiyar ba ta da kuɗi, rundunar sojan Jamus kuwa tana da su. A 1932 ya kama aiki da soja yana da shekara 20, ya sami digirin dakta a 1934, a 1937 kuma aka ba shi shugabancin aikin fasaha a sansanin gwajin roka na Peenemünde.

Baƙin tabon da bai goge ba

A nan ne labarin ya yi muni. Ya shiga jam'iyyar Nazi ta Hitila a 1937, ya zama hafsa a rundunar SS a 1940. Rokar da ya ƙera, wadda aka sa wa suna V-2, ta fara tashi lafiya ran 3 ga Oktoba, 1942. Daga Satumba 1944 aka yi ta harba ta kan Landan da Antwerp da wasu birane, fiye da guda 3,000, ta hallaka dubban mutane.

Ana harhaɗa rokar ne a cikin wasu ramuka da aka haƙa ƙarƙashin dutse kusa da garin Nordhausen, kuma fursunonin sansanin Dora ne ke aikin bisa tilas. Cikin kimanin mutum 60,000 da aka tsare a Dora da rassanta, wajen 20,000 sun mutu saboda yunwa, cuta, duka da rataya. Masana tarihi sun nuna cewa waɗanda suka mutu wajen ƙera wannan makami sun fi waɗanda ya faɗa wa yawa. Von Braun ya sha shiga ramukan, ya ga halin da ake ciki. Akwai ma wasiƙarsa ta watan Agusta 1944 mai nuna ya je sansanin Buchenwald zaɓo fursunoni masu ilmin sana'a. Gaskiya ne 'yan sandan ciki na Hitila sun tsare shi kamar mako biyu a Maris 1944, amma wannan bai wanke shi ba. Ba a taɓa gurfanar da shi gaban shari'a ba.

Da ya ga Jamus ta sha kashi, sai ya miƙa wuya ga sojan Amurka a farkon Mayu 1945. Suka kwashe shi da abokan aikinsa fiye da 100 zuwa Fort Bliss a jihar Texas.

Lissafin zuwa Mars

Zaman Texas ya ba shi sarari. A 1948 ya zauna ya lissafta yadda za a kai mutane Mars, aka buga lissafin a littafi a 1952. Shirin ya ƙunshi jiragen sararin samaniya 10 da mutum 70. Za a harhaɗa jiragen ne a can sama, bayan an yi sawu kusan 950 ana jigilar kaya da mai daga ƙasa. Zuwa kwana 260, zama a can fiye da shekara guda, dawowa kwana 260. Jirgin farko mai manyan fukafukai zai sauka kan ƙanƙarar da ke ƙuryar Mars, mutanensa su yi tafiyar fiye da kilomita 6,000 a mota zuwa tsakiyarta, su share wa sauran filin sauka.

Bai tsaya ga masana ba. Ya yi ta rubutu a mujallar Collier's, ya fito a shirye-shiryen talabijin na Walt Disney, har Amurkawa suka fara ɗaukar zancen da muhimmanci. Ya zama ɗan ƙasar a 1955. Rokarsa ce ta harba tauraron ɗan Adam na farko na Amurka ran 31 ga Janairu, 1958. A 1960 ya zama shugaban cibiyar hukumar NASA da ke Huntsville, inda aka tsara Saturn V, roka mai tsawon mita 110, wadda ta ɗauki kumbon Afolo 11 zuwa wata.

Amma tun kafin wannan nasara Mars ta riga ta ba shi kunya. A Yuli 1965 kumbon Mariner 4 ya gitta kusa da ita, ya aiko da hotunan ƙasa busasshiya mai ramuka, ya kuma nuna cewa kaurin iskarta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba. Ashe fukafukan da ya zana ba su da iskar da za ta riƙe su. Bai karaya ba. A Agusta 1969 ya gabatar wa gwamnati sabon shiri na mutum 12 cikin jirage biyu masu aiki da nukiliya, su sauka Mars a 1982. Gwamnatin Shugaba Nixon, ga yaƙin Biyetnam yana cin kuɗi, ba ta karɓa ba. Ya bar NASA a 1972. Yana raye kumbon Viking ya aiko da hotuna daga doron Mars a 1976, sa'an nan ciwon daji ya kashe shi ran 16 ga Yuni, 1977, yana da shekara 65.

Zuwa daban, zama daban

To, yanzu me aka sani wanda shi bai sani ba a 1948? Iskar Mars kashi 95 cikin 100 irin wadda muke fitarwa ce in mun yi numfashi. Wanda ya fita ba rigar kariya zai suma cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Sanyinta a matsakaici ya kai digiri 60 ƙasa da sifiri. Ba ta da garkuwar maganaɗisu irin ta duniyarmu, don haka miyagun haskoki marasa ganuwa, masu haddasa ciwon daji, suna sauka a kanta dare da rana. Ke nan mazauninta sai ya binne ɗakinsa ƙarƙashin ƙasa. A 2008 kumbon Phoenix ya tabbatar akwai ƙanƙarar ruwa a cikin turɓayarta, amma ya gano wani gishiri mai guba gauraye da ita. A 2018 wata guguwar ƙura ta lulluɓe duniyar baki ɗaya, ta rufe rana, ta kashe motar bincike mai suna Opportunity.

An dai ɗan ci gaba. Daga 2021 zuwa 2023 wata na'ura a cikin motar Perseverance ta tace iskar shaƙa daga iskar Mars. Duk abin da ta tara giram 122 ne, wanda ba zai ishi mutum ɗaya yini guda ba. A nan duniya ma an gwada. Daga 1991 zuwa 1993 an kulle mutum 8 cikin wani ƙaton gidan gilashi a Arizona don su noma abincinsu, tsirrai su ba su iska. Suka rame, iskar shaƙa ta yi ta raguwa, sai da aka ɗura musu daga waje. A Mars babu mai ɗura wa wani. Hanya ba ta buɗewa sai bayan kowane wata 26, saƙon rediyo kuwa yakan ɗauki har minti 22 kafin ya iso.

Sai babbar magana, wato haihuwa. Mai nauyin kilo 70 a nan, a can kamar kilo 27 zai ji kansa. An ga yadda ƙashi da tsoka ke raunana ga waɗanda suka daɗe a sararin samaniya, kuma ba a taɓa ɗaukar ciki ko rainon jariri a wajen duniyarmu ba. Garin da ba a haihuwa a cikinsa, kuma abincinsa da magungunansa sai an aiko, sansani ne, bai zama gari ba tukuna.

Von Braun gwani ne wajen auna mai da ƙarfe da nisan tafiya, kuma da yawa daga lissafinsa na hanya yana nan daram. Inda ya gaza shi ne wajen auna abin da jikin mutum da ransa za su biya, a Dora da kuma a Mars. Har yau ba wanda ya taka Mars, tun Disamba 1972 ma ba wanda ya sake taka wata. Duk mai yi mana alkawarin gari a can, sai mu tambaye shi: wa zai yi aikin haƙa ramukan, wa zai riƙe makullin iska, kuma wanda ya gaji yana da hanyar komowa gida?