Levi Strauss, ɗan koli da sunansa ya zauna a ƙugun wandon jin

A filinmu na tarihin mashahuran mutane yau za mu leƙa rayuwar wani ɗan kasuwa da ya bar duniya tun shekara ta 1902, amma har yanzu sunansa yana kwance cikin dilolin bosho da ake kwancewa a babbar kasuwar Maraɗi da kasuwar Dole ta Damagaram da Katako ta Yamai. Duk mai sayar da wandon jin ya san fatar nan da ake ɗinkawa a bayan ƙugu, mai hoton dawaki biyu suna jan wando ɗaya. Mai wannan tambari shi ne Levi Strauss.

An haife shi ran 26 ga Fabrairu 1829 a wani ƙaramin gari mai suna Buttenheim cikin yankin Bavariya na ƙasar Jamus, sunansa na yanka Löb. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa Hirsch ɗan koli ne mai yawo da yadi da kayan ɗinki ƙauye ƙauye. A zamanin nan dokokin Bavariya sun takura wa Yahudawa wajen zama da aure da sana'a. Da tarin fuka ya kashe uban, sai gida ya shiga matsi. A 1847 uwar, Rebecca, ta kwashi Löb da ƴan uwansa mata biyu suka shiga jirgin ruwa zuwa Amurka, suka sauka New York wurin yayyensa Jonas da Louis waɗanda suka riga suka buɗe kantin sarin yadi. A nan yaron ya koyi ciniki, ya koyi Turanci, ya kuma koma amsa sunan Levi.

A 1848 aka gano zinariya a Kaliforniya, mutane suka yi ta kwarara can daga ko'ina cikin duniya, kamar yadda muka ga matasanmu sun kwarara Jado a 2014. A 1853, bayan ya samu takardar zama ɗan ƙasar Amurka, Levi ya isa birnin San Francisco yana da shekara 24. Bai ɗauki diga ba, bai shiga rami ba. Ya lura cewa mai haƙa, ya samu ko bai samu ba, dole ya sa tufafi ya lulluɓa da bargo. Sai ya buɗe gidan sari. Ƴan uwansa suna aiko masa da yadi da barguna da zare da allura da laima daga New York, shi kuma yana rarraba wa ƙananan kantuna na garuruwan masu haƙa. Kusan shekara 20 ya yi a kan wannan, har sunansa ya zama na mutumin da ake yarda da kayansa da maganarsa.

Wandon da ya ɗaukaka sunan Levi ba shi ya ƙago shi ba. Cikin masu sayen yadi a wurinsa akwai wani tela mai suna Jacob Davis, haifaffen birnin Riga, wanda yake zaune a garin Reno na jihar Nevada. Wata mata ta zo wurin telan tana neman wando mai ƙarfi don mijinta mai aikin ƙarfi, domin aljihun wandunansa kullum yagewa yake yi. Davis yana ɗinka bargunan dawaki, yana riƙe maɗaurinsu da ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe. Sai ya buga irin waɗannan ƙusoshi a kusurwar aljihu da duk inda wando yake saurin ɓarkewa. Wando ya yi ƙarko, labari ya bazu, masu saye suka fi ƙarfin kekensa.

Davis ya ji tsoron kada wasu su kwaikwayi dabarar su bar shi hannu banza, ga shi ba shi da kuɗin yankar takardar mallakar fasaha, wato dala 68, dalar Amurka ba dalarmu ta sefa ba. A 1872 ya rubuta wa Levi wasiƙa ya bayyana masa dabarar, ya nemi ya biya kuɗin su yi tarayya. Levi yana da jari, yana da yadi, kuma sirrin ya riga ya shigo hannunsa; da ya so cin amanar telan, ba abin da zai hana shi. Bai yi haka ba. Ya biya kuɗin, ran 20 ga Mayu 1873 aka ba su takarda mai lamba 139,121, Davis ya kwaso iyalinsa ya dawo San Francisco ya zama shugaban masu ɗinki. Wannan rana ita ake ɗauka a matsayin ranar haihuwar wandon jin.

Yadin da suke ɗinkawa daga masaƙar Amoskeag ta jihar New Hampshire yake zuwa, auduga ce zalla mai kauri, zaren tsaye rinanne, zaren kwance fari, shi ya sa cikin wandon ya fi bayansa haske. Rinin kuwa na baba ne, shukar nan da marinanmu suka sani tun kaka da kakanni, wadda ake jiƙawa da toka a karofi, kamar yadda ake yi har yau a marinar Ƙofar Mata ta Kano, kuma da ita ake rina rawanin da Buzaye suke naɗawa. Shuni ba ya shiga can cikin zare, a bayansa yake zama, don haka wandon yake koɗewa sannu a hankali a gwiwa da cinya ba tare da yadin ya mutu ba. A 1886 aka fara sa tambarin dawaki biyu domin wanda bai iya karatu ba ya gane kayan da ido. A 1890 aka ba wandon lamba 501, kuma a shekarar ce wa'adin takardar ya ƙare, kowa ya samu damar buga ƙusa a wando.

Levi bai taɓa aure ba, a gidan ƴar uwarsa Fanny ya zauna tare da ƴaƴanta. Ya taimaki gidajen marayu, kuma a 1897 ya ɗauki nauyin karatun ɗalibai 28 a jami'ar Kaliforniya. Ya mutu ran 26 ga Satumba 1902 yana da shekara 73, ya bar dukiya ta kusan dala miliyon 6. Cikin wasiyyarsa ya ware kaso ga gidajen marayu na Yahudawa da na Kirista, kamfanin kuma ya bar wa ƴaƴan ƴar uwarsa su huɗu. A 1906 girgizar ƙasa da gobara suka cinye ginin kamfanin da takardunsa, amma magadan suka ci gaba da biyan ma'aikata, suka kuma ɗaga wa ƴan kasuwar da bala'in ya shafa ƙafa a kan bashi.

Bayansa sana'ar ta sake kama. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, wanda ya fi na baba araha, ya kuma kashe kasuwar manoman baba a Indiya da sauran wurare. Daga baya matasa suka fara son wando sabo mai kamar tsoho, sai masana'antu suka shiga koɗar da shi da gangan, da ruwan jabel da wasu magunguna masu ƙarfi, da kuma fesa yashi. Ƙurar yashin nan ta lalata huhun ma'aikata a Turkiyya, wasu suka mutu, har gwamnatin ƙasar ta hana aikin a 2009, kamfanin Levi's ma ya daina a 2010. A 2012 ya yi alkawarin fitar da magunguna masu guba daga aikinsa, a 2018 kuma ya fara koɗar da wando da hasken leza. Binciken da kamfanin ya fitar a 2015 ya nuna wando ɗaya na 501 yana cin ruwa lita 3,781 daga gonar auduga har zuwa wankinsa na ƙarshe. A ƙasarmu da mace take tafiya mai nisa kafin ta cika jarka ɗaya, wannan lissafi ba ƙarami ba ne.

Don haka muke jan hankalin masu sari. In kun kwance dila, ku taɓa yadin ku ji kaurinsa, ku duba ƙusoshin da ɗinkin tsakanin ƙafafu. Wandon da aka koɗar har ya yi fari fat a cinya, magani ya riga ya ci zarensa, ba zai jima ba, kuma mai saye ba zai manta rumfar da ya saye shi ba. Wanda yake warin magani, a wanke shi kafin a sa, balle na yara. Ku gaya wa masu saye su riƙa juya wandon ciki waje kafin wanki, su yi da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, kada jabel ya taɓa shi, kada a dirje shi da buroshi, a shanya shi a inuwa domin ranarmu tana cin shuni. Ba kowace sawa ake wanke jin ba. In ba datti, a kakkaɓe shi a rataye ya sha iska. In ya yage a gwiwa, a kai wa tela ya yi masa faci, domin da ma daga hannun tela ya fito.

Gidan da aka haifi Levi a Buttenheim yana nan, an mai da shi gidan tarihi tun shekara ta 2000. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya kawo ciniki na halal. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.