Lotte Reiniger: Matar da Ta Sa Inuwa Ta Yi Tafiya

Fim ɗin zane mai motsi, wanda aka fi sani da katun, sana'a ce mai bukatar haƙuri. Mai yin sa yana ɗaukar hotuna ɗaya bayan ɗaya, kowane hoto ya ɗan bambanta da na gabansa. Idan aka haska hotunan da sauri a jere, sai ido ya ga kamar abin da ke ciki yana motsi. Daga cikin waɗanda suka kafa tushen wannan sana'a akwai wata Bajamushiya mai suna Lotte Reiniger. Ta fara aiki tun tana ɗaliba, kuma manyan kayan aikinta su ne almakashi da baƙin kwali da fitila.

Ƙuruciyarta

An haifi Charlotte Reiniger ranar 2 ga Yuni, 1899, a unguwar Charlottenburg ta birnin Balin, a ƙasar Jamus. Lotte shi ne gajeren sunan da ake kiran ta da shi. Tun tana ƙarama ta ƙware wajen yanka takarda da almakashi ta fitar da siffar mutum ko dabba ko itace. Wannan tsohuwar fasaha ce a Jamus. Ta kuma yi sha'awar wasan inuwa irin na ƙasar Sin, inda ake riƙe 'yan tsana a bayan farin ƙyalle, a kunna fitila, 'yan kallo su ga inuwarsu kawai. Ta haɗa ɗan ƙaramin dandalin wasa na kanta, tana yi wa 'yan gidansu da ƙawayenta wasa.

Da ta fara girma sai silima ta shiga ranta. Ta kalli finafinan Georges Méliès na ƙasar Faransa, waɗanda ke cike da dabarun ban mamaki. Ta halarci wata lacca da Paul Wegener, shahararren ɗan wasa kuma mai shirya fim, ya gabatar a kan abin da zane mai motsi zai iya yi nan gaba. Laccar ta yi mata tasiri ƙwarai. Ta roƙi iyayenta har suka yarda ta shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Max Reinhardt, domin a ƙungiyar wasan Reinhardt ɗin ne Wegener yake aiki.

Daga ɗaliba zuwa mai shirya fim

A makarantar, Lotte takan zauna a gefe ta riƙa yanka siffofin 'yan wasa da baƙar takarda. Siffofin sun yi kama da masu su sosai, har Wegener ya lura da ita. A wancan zamani finafinai ba su da murya, sai dai a rubuta bayani a kan allo tsakanin wani sashe da wani. Wegener ya ba ta aikin ƙawata waɗannan alluna na finafinansa.

A shekarar 1918 Wegener ya shirya fim a kan tatsuniyar mai sarewa na garin Hameln, mutumin da ya yi busa ɓeraye suka bi shi suka bar gari. An kawo ɓeraye na gaske, amma da aka sake su sai suka watse, ba su bi mai sarewar ba. Sai aka sassaƙa ɓeraye na katako. A ɗan matsar da su, a ɗauki hoto, a sake matsar da su, a sake ɗaukar hoto. Lotte tana cikin masu wannan aiki. Da aka haska fim ɗin, ɓerayen katako suka bi mai sarewa a jere kamar masu rai. A nan ta ga da idonta yadda kyamara ke sa abu marar rai ya yi motsi.

Wannan aiki ya buɗe mata ƙofar shiga wata cibiyar binciken al'adu a Balin, wadda Hans Cürlis yake shugabanta, inda matasa ke gwada sababbin hanyoyin shirya fim. A can ta shirya fim ɗinta na farko a shekarar 1919, tana da shekara 20. Gajeren fim ne na kimanin minti biyar, a kan wasu masoya biyu da wani ado wanda ke sauyawa bisa halin da suke ciki. A cibiyar ne kuma ta haɗu da Carl Koch. Sun yi aure a 1921, ya zama mai ɗaukar hoton finafinanta har ƙarshen rayuwarsa.

Gajeren fim ba ya kawo kuɗi da yawa, don haka ta riƙa yin finafinan talla. Ta yi wa kamfanin tallace-tallace na Julius Pinschewer aiki, har da tallan man shafawa na Nivea. Tallan ya kai aikinta gaban dubban masu zuwa silima. A lokaci guda ta ci gaba da mayar da tatsuniyoyin Turai gajerun finafinai.

Yadda take aikinta

Da farko takan zana mutanen labarin. Sa'an nan ta yanka kowace gaɓa daban: kai, wuya, kafaɗa, hannu, cinya, ƙafa. Tana amfani da baƙin kwali da siririn fallen dalma, domin nauyin dalma yana sa siffar ta kwanta sosai. Sai ta haɗa gaɓoɓin da siririyar waya yadda kowace za ta iya lanƙwasawa. Ana shimfiɗa siffar a kan tebur mai gilashi. Fitila tana ƙarƙashin gilashin, kyamara kuma tana sama tana kallon ƙasa. Saboda hasken daga ƙasa yake fitowa, siffar takan fito baƙa wuluk, wayoyin ma ba a ganin su.

Duwatsu da gajimare da itatuwan da ke bayan mutanen kuwa, da takarda mai shara-shara ake yin su. Inda ake son duhu sai a ninka takardar, inda ake son haske a bar falle ɗaya. Ita da abokan aikinta sun kuma jera gilasai hawa-hawa a ƙarƙashin kyamara, domin wani abu ya bayyana kusa, wani ya bayyana nesa. Bayan shekaru kamfanin Walt Disney na Amurka ya yi suna da wata babbar kyamara mai aiki bisa irin wannan tsari.

A ma'aunin silima na yau, daƙiƙa ɗaya tana cin hoto 24. Ke nan minti ɗaya yana bukatar hoto 1,440. Kafin kowane hoto, sai ta matsar da hannu ko ƙafa ko kan siffar da ɗan yatsa, kaɗan ƙwarai. Da yayyafi kogi kan cika.

Yarima Ahmad

A shekarar 1923 darajar kuɗin Jamus ta faɗi warwas, farashin kaya yana tashi kullum. Wani ma'aikacin banki mai suna Louis Hagen ya sayi faifan ɗaukar fim mai yawa don kada dukiyarsa ta narke. Ya ga aikin Lotte, ya nemi ta shirya dogon fim, shi kuma zai biya kuɗin. Ya ba su ɗaki a saman garejin gidansa da ke garin Potsdam, kusa da Balin. Rufin ɗakin ya yi ƙasa, don haka a durƙushe take yawancin aikin.

Ta zaɓi labarinta daga Dare Dubu da Ɗaya, littafin da masu karatun Hausa ma suka sani. Ta haɗa labarai da yawa ta mayar da su ɗaya. Wani matsafi ya yaudari Yarima Ahmad ya hau doki mai tashi sama. Dokin ya kai shi tsibiran Waƙ-Waƙ, inda ya ga sarauniya Pari Banu ya kamu da son ta. Daga baya ya haɗu da Aladdin mai fitilar tsafi, da wata mayya da ta taimake su suka ga bayan matsafin. Irin wannan labari na aljanu da rikiɗa ya dace da zane mai motsi, domin abin da ɗan wasa ba zai iya yi ba, kwali yana iyawa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Koch ya riƙe kyamara, Walter Ruttmann da Berthold Bartosch suka yi aikin bayan fage, kamar igiyar ruwa da taurari da hayaƙin tsafi. Wolfgang Zeller ya tsara kiɗan da za a riƙa yi yayin haska fim ɗin. An rina faifan da launuka daban-daban. Aikin ya ɗauki shekara uku, daga 1923 zuwa 1926, kuma tsawon fim ɗin ya ɗan haura sa'a ɗaya.

Neman 'yan kallo

Gama fim daban, samun masu kallonsa daban. Kamfanonin rarraba finafinai na Jamus sun ƙi karɓar sa. A ganinsu katun abin dariya ne na 'yan mintoci, ba wanda zai zauna sa'a guda yana kallon inuwa. Shekara uku na wahala suna neman tashi a banza.

Lotte da Koch ba su zauna jira ba. Sun nemi wani gidan wasan kwaikwayo a Balin mai suna Volksbühne, suka aika wa 'yan jarida da abokai da masu sana'ar fim takardun gayyata. An haska fim ɗin a can a watan Mayu na 1926, jama'a suka cika wurin, jaridu suka yaba. Sa'an nan aka kai shi birnin Faris a watan Yuli, inda Jean Renoir, mai shirya finafinai na Faransa, ya mara masa baya. Faransawa sun karɓe shi hannu bibbiyu. Bayan wannan nasara ne aka fara nuna shi ga kowa da kowa a silima a Balin, a watan Satumba na shekarar.

A yau wannan fim shi ne dogon fim ɗin zane mai motsi mafi tsufa da ya rage a duniya. Quirino Cristiani na ƙasar Ajantina ya riga ta yin irinsa a 1917, amma nasa ya ɓace. Dogon katun na farko na Walt Disney kuwa bai fito ba sai 1937, bayan shekara 11.

Gudun hijira da yaƙi

Ta ci gaba da aiki. A 1928 ta yi gajerun finafinai a kan Dakta Dolittle, likitan da ke jin maganar dabbobi. Da fim mai sauti ya zo, ta riƙa daidaita motsin siffofinta da kiɗa, kamar yadda ta yi a fim ɗin Papageno na 1935, wanda ta gina a kan kiɗan Mozart.

A 1933 'yan Nazi suka hau mulki a Jamus. Lotte da mijinta ba su yarda da aƙidarsu ba, don haka suka bar ƙasar a tsakiyar shekarun 1930. Ba ƙasar da ta ba su izinin zama na dindindin. Suka riƙa yawo tsakanin Ingila da Faransa da Italiya, duk inda bizarsu ta ƙare su tashi. Duk da haka ba ta ajiye almakashi ba. A Landan ta yi wa sashen fim na hukumar gidan waya gajerun finafinai. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu suka koma Balin domin ta kula da mahaifiyarta da ba ta da lafiya. Asalin faifan Yarima Ahmad ya salwanta a yaƙin. Wani kwafi da aka adana a Landan shi ne ya tsira, kuma daga gare shi aka gyara fim ɗin a ƙarshen shekarun 1990.

Shekarunta na ƙarshe

Bayan yaƙi suka koma Landan da zama. Tare da ɗan Louis Hagen suka yi aiki a kamfanin Primrose Productions, inda ta shirya gajerun finafinan tatsuniya masu yawa domin talabijin. Ɗaya daga cikinsu, labarin wani jarumin tela, ya sami lambar yabo a bikin finafinai na birnin Venice a 1955.

Carl Koch ya rasu a 1963. Rashinsa ya girgiza ta, ta yi shekaru ba ta shirya fim ba. A 1970 ta wallafa littafi a kan wasan inuwa da fim ɗin inuwa, inda ta bayyana dabarunta dalla-dalla don masu koyo. A 1972 ƙasar Jamus ta karrama ta da lambar yabo ta fim. Ta zagaya ƙasashe tana koyar da matasa, kuma ta yi sabon fim a hukumar finafinai ta Kanada tana da shekara fiye da 70. Ta rasu ranar 19 ga Yuni, 1981, a garin Dettenhausen na Jamus, tana da shekara 82. Gidan tarihin birnin Tübingen yana adana siffofinta da kayan aikinta.

Abin koyi

Wasan inuwa ya zama mafarin masu fim a wurare da dama. A Jamhuriyar Nijar, Moustapha Alassane ya fara da nuna wa mutane wasan inuwa tun yana saurayi, kafin ya zama ɗaya daga cikin magabatan zane mai motsi a Afirka. Ɗalibin da ke son gwadawa a yau ya fi su samun sauƙi, domin wayar hannu tana iya ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya ta jera su. Kwali da almakashi da fitila kuwa suna nan a ko'ina. Rayuwar Lotte Reiniger ta nuna cewa a fara da gajeren labari, a yi aiki tare da abokai, kuma idan an gama a tashi a nemo masu kallo.

Ma'anar kalmomi

Siffa: kamannin abu ko surarsa.
Gaɓa: sashen jiki, kamar hannu ko ƙafa.
Dalma: wani ƙarfe mai nauyi da taushi.
Shara-shara: marar kauri, wanda haske ke ratsawa.
Rikiɗa: sauyawa daga wata kama zuwa wata.
Salwanta: ɓacewa ko lalacewa.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Lotte Reiniger, kuma a ina?
2. Me ya sa aka yi amfani da ɓerayen katako a fim ɗin 1918?
3. Bayyana yadda ake jera fitila da gilashi da kyamara a aikinta.
4. Hoto nawa fim na minti uku yake bukata a ma'aunin yau?
5. Me ya sa kamfanonin rarraba finafinai suka ƙi fim ɗin Yarima Ahmad, kuma wane mataki ta ɗauka?

Aiki

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya zaɓi tatsuniya ɗaya, ya yanka siffofin mutanenta da kwali, ya gabatar da ita a aji da Hausa ta hanyar wasan inuwa. Ku rubuta takardar gayyata zuwa ga wani aji domin su zo kallo.