Harriet Tubman, Baiwar da Ta Koma Ɗauko 'Yan'uwanta

A ajin yaƙi da jahilci munka fara jin sunanta. An haifi Harriet Tubman cikin bauta a Amurka wajen 1822. A 1849, shekarar da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a Argungu, ta gudu zuwa arewacin ƙasarsu, inda ba a bauta. Ba ta miƙe ƙafa ba. Wajen sau 13 tana komawa a ɓoye, ta fiddo mutum kamar 70, har da iyayenta.

Arzikin jihohin kudu na auduga ne, bayi ke noma ta. Da anka zaɓi Lincoln, wanda ba ya son bauta ta yaɗu, sai sunka ɓalle, yaƙin basasa ya tashi a 1861. Harriet ta yi jinyar sojojin arewa, tana gasa kayan fulawa tana saidawa don ta ci da kanta. A 1863 ta yi musu jagora a kogin Combahee, bayi fiye da 700 sunka kuɓuta. An ci kudu a 1865, anka soke bauta.

Ta rasu a 1913, ba ta iya karatu ba. To, mu da ƙungiyar ga ta rufa wa asiri, wa munka koma ɗaukowa?