James Jamerson

James Lee Jamerson (an haife shi ranar 29 ga watan Janairu, 1936, ya mutu ranar 2 ga watan Agusta, 1983) makaɗin jitar bes ne ɗan ƙasar Amurka. Jitar bes ita ce mai kaurin amo, wadda ke riƙe gindin kiɗa tare da ganguna. Jamerson ne ya kaɗa ta a yawancin fitattun waƙoƙin kamfanin Motown na shekarun 1960 zuwa farkon 1970, kuma har yau masu ɗaukar sauti suna kafa misali da amon jitarsa.

Farkon rayuwa

An haife shi a tsibirin Edisto da ke jihar Karolina ta Kudu. A shekarar 1954 ya koma birnin Detroit tare da mahaifiyarsa. A makarantar sakandare ta Northwestern ya koyi kaɗa babbar bes ta katako, wadda ake tsayar da ita a ƙasa, sannan ya fara wasa a gidajen kiɗan jaz na birnin.

Aiki a Motown

A shekarar 1959 ya fara aiki a sutudiyon Berry Gordy mai suna Hitsville U.S.A. Yana cikin rukunin makaɗan da ake kira Funk Brothers. Ana jin kiɗansa a waƙar My Girl ta ƙungiyar Temptations da You Can't Hurry Love ta Supremes da For Once in My Life ta Stevie Wonder. A wancan lokacin Motown ba ya rubuta sunayen makaɗansa a bangon faifai, saboda haka miliyoyin mutane sun san kiɗan Jamerson ba su san sunansa ba. Sai a shekarar 1971 sunan ya fito a kundin What's Going On na Marvin Gaye.

Jitarsa da salon kiɗansa

Jitar da ya fi shahara da ita ita ce Fender Precision Bass ƙirar 1962, wadda ake yi wa laƙabi da Funk Machine. Tsirkiyoyinta huɗu na kamfanin La Bella ne, masu kauri da santsi, kuma ba ya canza su sai idan ɗaya ta tsinke. Tsohuwar tsirkiya mai santsi ba ta fitar da ƙarar ƙarfe ko ƙarar gogar yatsa, waɗanda na'urar ɗaukar sauti ke saurin kamawa. Akwai kuma soso a ƙarƙashin murfin da ke gindin tsirkiyoyin, wanda ke katse amo da wuri, don kada wani sauti ya hau kan na bayansa. A sutudiyo ana jona jitar kai tsaye da teburin haɗa sauti, ba a bi ta lasifika ba. Wannan tsari ya ba da amo mai kauri da tsabta, wanda ake ji ko a ƙaramin rediyon mota.

Yawanci da yatsa ɗaya yake kaɗawa, wato manuniyar hannun dama, al'adar da ya taho da ita daga babbar bes. Maimakon maimaita sauti biyu ko uku kamar yadda aka saba, sai ya riƙa yawo da kiɗan kamar mai rera waƙa ta biyu a ƙarƙashin muryar mawaƙi.

Ƙarshen rayuwa

Motown ya koma Los Angeles a 1972, shi ma ya bi bayansa. A can yayi ya sauya: masu shirya waƙa sun koma neman amo mai kaifi na sababbin tsirkiyoyi, shi kuwa ya ƙi barin tsarinsa. Wannan da matsalar shan giya suka sa aiki ya ja baya. An sace jitarsa jim kaɗan kafin mutuwarsa, kuma ba a gano ta ba. Ya mutu a Los Angeles sakamakon ciwon hanta da na zuciya da na huhu, aka binne shi a maƙabartar Woodlawn da ke Detroit.

Karramawa

Littafin Allan Slutsky mai suna Standing in the Shadows of Motown, wanda ya fito a 1989, da fim ɗin da aka yi a kansa a 2002 sun fito da tarihinsa fili. A shekarar 2000 an shigar da shi zauren Rock and Roll Hall of Fame. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles yana cikin makaɗan da suka ce salonsa ya yi tasiri a kansu.