Filip Kutev: Makaɗin soja da ya kai waƙar matan ƙauyen Bulgeriya fagen duniya

A watan Fabrairun 1990 aka bai wa wani faifai na waƙoƙin matan Bulgeriya lambar yabo ta Grammy a Amurka, a rukunin waƙoƙin gargajiya. Da yawa daga cikin waɗanda suka sayi faifan a Turai da Amurka sun ɗauka cewa abin da suke ji shi ne yadda matan ƙasar ke rera waƙa a gona tun kaka da kakanni.

Ba haka abin yake ba. Muryoyin dai na ƙauye ne, yawancin karin waƙar ma daga can aka ɗebo, amma tsarin da aka jera su a kai bai cika shekara 40 da ƙirƙirowa ba a lokacin. Mutumin da ya aza harsashin wannan tsari kuwa, Filip Kutev, ya riga ya yi shekara bakwai a kabari.

Daga Aytos zuwa barikin soja

An haifi Kutev ranar 13 ga Yunin 1903 a Aytos, wani ƙaramin gari a gabashin Bulgeriya, kusa da birnin Burgas da ke bakin Bahar Aswad. Shekara 25 ke nan kacal da ƙasar ta fita daga mulkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda ta riƙe ta kusan shekara 500. Masu ilimin wancan zamani suna ta neman abin da za su nuna wa duniya a matsayin nasu na kansu, sai suka koma ga harshe da waƙoƙin manoma.

Shi dai Kutev ba ta hanyar gargajiya ya shiga harkar ba. Kiɗan Turai na makaranta ya karanta a kwalejin kiɗa da ke Sofiya, babban birnin ƙasar, inda ya ƙware a gogen Turawa, ya kammala a 1929. Daga nan ya kama aikin shugaban makaɗan badujala na soja, a Burgas da kuma Sofiya. Ya kuma rubuta kaɗe-kaɗe irin na manyan ƙungiyoyin makaɗa, waɗanda a yau ba kowa ke tunawa da su ba in ba masana ba.

Kafin shi, akwai waɗanda suka share fage. Dobri Hristov ya yi nazari a kan yadda ake ƙidayar bugun kiɗan Bulgeriya, Vasil Stoin kuma ya zagaya ƙauyuka ya rubuta dubban waƙoƙi daga bakin tsofaffi. Sai dai waƙoƙin sun tsaya a cikin littattafai. In kuma an kawo su dandamali, mawaƙan birni ne ke rera su da muryar makaranta, har mai waƙar na asali ba zai gane abarsa ba.

Yadda waƙar take a ƙauye

A ƙauyukan Bulgeriya na wancan lokaci akwai rabon aiki: waƙa galibi ta mata ce, kiɗa na maza. Mata na rera waƙa a lokacin girbi, da wurin biki, da zaman dare da ake kira sedyanka, inda 'yan mata ke taruwa suna kaɗi da saƙa, samari na zuwa zance. Ranar hutu kuma a fita dandali a riƙe hannu a yi rawar da'ira da ake kira horo.

Muryar da suke amfani da ita mai ƙarfi ce, mai kaifi, wadda aka saba da ita don ta tsallaka daga wannan gona zuwa waccan. A yankin Shop da ke kewaye da Sofiya, da yankin Pirin na kudu maso yamma, mace ɗaya ce ke jan waƙa, sauran su riƙe sauti guda a ƙarƙashinta ba tare da sun motsa ba. Sau da yawa muryoyin biyu kan matso dab da juna har su yi kamar suna gogayya, kunne ya ji wani irin amo kamar na ƙararrawa. Malamin kiɗan Turai zai ce kuskure ne. Su kuwa abin da suke nema ke nan.

Bugun kiɗan ma ba daidai-wa-daida yake tafiya ba. Rawar rachenitsa, alal misali, bugu bakwai gare ta, ana ƙirga su biyu, biyu, uku, kamar mai tafiya yana ɗan jan ƙafa ɗaya. Akwai masu bugu biyar, akwai masu tara, akwai masu goma sha ɗaya.

Maza kuma suna da kaval, doguwar sarewar makiyaya. Da gaida, wadda ake busawa ta cikin salkar fatar akuya. Da gadulka, dangin goge da ake riƙewa a tsaye. Da tambura mai tsirkiya da ake kaɗawa. Da babbar ganga tapan. Kowane makaɗi shi kaɗai yake abinsa, ko su biyu, kuma kowa da yadda ya ɗaure kayansa.

Ƙungiyar 1951

A watan Satumban 1944 'yan kwaminis da abokan tafiyarsu suka karɓe mulki a Bulgeriya, ƙasar ta shiga sahun ƙawayen Tarayyar Sobiyet. Cikin 'yan shekaru aka tattara gonakin manoma aka mayar da su na haɗin gwiwa, matasa suka yi ta kwarara zuwa masana'antun birni. Zaman dare da girbin hannu, wato wuraren da waƙar ke rayuwa, suka fara mutuwa.

Gwamnatin da ta rushe wannan rayuwa ita ce kuma ta buƙaci waƙar manoma, domin ta nuna cewa mulkin na talakawa ne. A Sobiyet akwai misalan da za a kwaikwaya, kamar ƙungiyar mawaƙa ta Pyatnitsky da ƙungiyar rawa ta Moiseyev. A cikin wannan yanayi ne Kutev da matarsa Mariya Kuteva suka kafa ƙungiyar gwamnati ta waƙoƙi da raye-rayen gargajiya a 1951, mai ɓangare uku: mawaƙa, makaɗa da 'yan rawa. Margarita Dikova ce ta tsara ɓangaren rawar.

Shawarar da ta bambanta shi da na gabansa ita ce ƙin ɗaukar mawaƙan makaranta. Ya zagaya ƙasar yana sauraron mata a garuruwa da ƙauyuka, ya zaɓo waɗanda muryarsu ta yi masa, aka kawo su Sofiya aka sa musu albashi. Da yawansu ba su taɓa ganin rubutun kiɗa ba, da kunne suke haddace abin da aka ba su. Ga macen da ta taso a gona, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Abin da a da take yi don rage wahalar aiki, wanda a wasu gidajen ma ake ganin bai dace matar aure ta yi shi a bainar jama'a ba, ya zama sana'a mai albashi da fansho da fasfo na fita waje. Verka Siderova, Stefka Sabotinova da Nadka Karadzhova na cikin waɗanda suka yi suna ta wannan ƙungiya.

Daga nan sai ainihin aikin. Kutev kan ɗauki karin waƙar ƙauye mai layi ɗaya, ya rubuta masa muryoyi uku ko huɗu hawa-hawa, kamar yadda ake yi a ƙungiyoyin mawaƙan Turai, amma ya hana matan sauya muryarsu. Kaifin nan na gona ya bar shi yadda yake, da karkarwar maƙogwaro, da 'yar ƙarar da ake saki a ƙarshen baiti. Gogayyar muryoyi ta yankin Shop ma bai goge ta ba, sai ya mayar da ita ado, yana kawo ta a inda yake so ta girgiza mai sauraro, sannan ya sassauta. Mutanen Bulgeriya suna kiran irin wannan aiki obrabotka, ma'ana abin da aka sarrafa.

Makaɗan ma an taɓa su. Tunda za su yi kiɗa tare, dole aka daidaita sautin kayansu, aka ƙera gadulka manya da ƙanana don a samu mai kauri da mai siriri, aka zaunar da makiyayin da ya saba busa sarewa shi kaɗai a bayan tumaki a gaban takarda da madugu mai sanda.

Waƙarsa da ta fi shahara ita ce Polegnala e Todora, labarin wata budurwa da barci ya ɗauke ta a gindin itacen zaitun, iska ta karyo reshe ta tashe ta daga mafarkin masoyinta. Waƙa ce mai sanyi, gajera, kuma har gobe mutane da dama na ɗaukarta tsohuwar waƙar ƙauye, alhali siffar da duniya ta san ta da ita daga alƙalamin Kutev ta fito.

Riba da hasara

Ƙungiyar ba ta daɗe ba ta fara fita waje. An naɗi waƙoƙinta a Faris a 1955, ta zagaya Amurka a 1963, sannan kamfanin Nonesuch ya fitar da naɗin na Faris a faifai a Amurka a 1966. A gida kuma gidan rediyon gwamnati ya kafa tasa ƙungiyar a 1952, larduna suka bi sahu, aka buɗe makarantar koyon kiɗan gargajiya a garin Kotel a 1967, wadda yanzu take ɗauke da sunansa. Shi kansa ya shugabanci ƙungiyar marubuta kiɗa ta ƙasar daga 1954 zuwa 1972, ya kuma samu manyan lambobin yabo na gwamnati. Ba ɗan adawa ba ne, ɗan gida ne a cikin tsarin.

A nan ne masu sukar aikinsa suke da abin faɗa, kuma ba a rasa gaskiya a bakinsu ba. Waƙar da a ƙauye za a yi ta ja har labarinta ya ƙare, a dandamali an datse ta zuwa minti biyu ko uku. Mawaƙiyar da ta saba sauya kari yadda ranta ya so, yanzu dole ta bi abin da aka rubuta. Da rediyo ya yi ta watsa sarrafaffiyar waƙar safe da yamma, sai 'yan ƙauyen kansu suka fara ganin tasu ta asali kamar ba ta kai ba.

Akwai kuma batun waɗanda aka bari a waje. Bulgeriya na da Turkawa, da Romawa da aka fi sani da Jipsi, da Musulmi masu magana da harshen Bulgeriya da ake kira Pomak. Hoton da ƙungiyoyin gwamnati suka nuna wa duniya na al'umma guda ce mai tsatso guda, kuma jami'an al'adu sun riƙa kallon duk wani sauti mai ƙamshin Turkiyya a matsayin gurɓata. Makaɗan biki, waɗanda yawancinsu Romawa da Turkawa ne kuma su jama'a ke rububin gayyata, ba su samu irin wannan gata ba. Tilasta wa Turkawan ƙasar sauya sunayensu a 1984 da 1985 ya faru ne bayan mutuwar Kutev, don haka ba adalci ba ne a ɗora masa. Amma tunanin tsarkake al'ada da ya kai ga hakan ya girma ne a gida ɗaya da ƙungiyoyin da ya zama uba gare su.

Duk da haka, in aka auna, da wuya a ce ya yi ɓarna. Ƙauyen da ake cewa ya raba waƙar da shi yana kan watsewa ko da Kutev ko babu shi. Abin da ya yi shi ne ya sama wa muryar wani sabon gida, ya kuma yi shi da kunnen da ya san darajar abin da ya tarar. Ƙasashe da dama na gabashin Turai sun kafa irin waɗannan ƙungiyoyi, amma kaɗan ne ake neman faifansu a yau don daɗin sauraro.

Sunan da bai ji ba

Wani ɗan ƙasar Siwizalan mai suna Marcel Cellier, wanda ya yi shekaru yana zirga-zirga a gabashin Turai yana tara kaɗe-kaɗe, ya fitar da wani faifai a 1975 da sunan Faransanci, Le Mystère des Voix Bulgares, wato sirrin muryoyin Bulgeriya. Yawancin waƙoƙin na ƙungiyar matan gidan rediyo ne, ba ta Kutev ba, amma salon nasa ne, kuma Polegnala e Todora na ciki. Faifan bai yi wani tashe ba a lokacin.

Kutev ya rasu a Sofiya ranar 27 ga Nuwamban 1982, yana da shekara 79. Shekara huɗu bayan haka, a 1986, kamfanin 4AD na Birtaniya, wanda matasa masu son kiɗan zamani suka fi sani, ya sake fitar da faifan Cellier, Nonesuch ya bi baya a Amurka a 1987. Nan take abin ya kama kamar wutar daji. Mawaƙiyar Birtaniya Kate Bush ta gayyaci wasu mawaƙan Bulgeriya uku, Trio Bulgarka, cikin faifanta na 1989, kashi na biyu na faifan Cellier kuma shi ne ya ci Grammy.

Kalmar sirri da ke jikin faifan ta taimaka wa ciniki, amma ta rufe sunayen waɗanda suka zauna da alƙalami suka tsara muryoyin, da na matan da suka yi shekaru suna atisaye kullum kamar kowane ma'aikacin gwamnati. Lokacin da lambar ta zo, gwamnatin da ta ɗauki nauyinsu ta riga ta faɗi a Nuwamban 1989, kuɗin da ake ware wa irin waɗannan ƙungiyoyi ya ja baya, mawaƙa da dama suka koma dogaro da wasannin ƙasashen waje.

Ƙungiyar da ya kafa ta tsallake wannan mawuyacin hali. An sa mata sunansa, daga baya 'yarsa Elena Kuteva ta karɓi jagorancinta, kuma har yanzu tana Sofiya.