Ummu Sulaim 'yar Milhan: uwar Anas da ta yi jinyar mayaƙan Uhudu

 

Alkunyarta ta danne sunanta na yanka, har malaman tarihi suka saɓa a kansa: wasu suka ce Sahla, wasu Rumaila, wasu Mulaika. Hadisai kuma suna kiranta Rumaisa'u ko Gumaisa'u. A kan asalinta dai bakinsu ɗaya ne. 'Yar Milhan ɗan Khalid ce, daga Banu Najjar na ƙabilar Khazraj a Madina, gidan da mahaifiyar Abdulmuɗɗalib, kakan Manzon Allah (SAW), ta fito. 'Yar'uwarta ita ce Ummu Haram matar Ubadatu ɗan Samit, wadda ta rasu a tsibirin Ƙubrus zamanin halifa Usman.

Mijinta na fari shi ne Malik ɗan Nadri, kuma da shi ta haifi Anas. Lokacin da Musulunci ya shigo Madina tana cikin waɗanda suka karɓa tun da wuri, mijin kuwa ya ƙi. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne jin tana laƙƙana wa yaron kalmar shahada. Yana ganin tana lalata masa ɗa. Da ya ga ba za ta janye ba, sai ya yi fushi ya nufi ƙasar Sham, can ajali ya riske shi. Ummu Sulaim ta zama bazawara da ƙaramin yaro, a garin da bazawara ba ta daɗewa ba ta sami miji ba. Ibnu Sa'ad ya kawo a cikin Ɗabaƙat cewa ta ɗaure wa kanta ba za ta sake aure ba sai Anas ya tasa, ya kai ga zama a majalisar maza. Daga baya Anas da kansa ya riƙa yi mata addu'ar sakamako na alheri saboda yadda ta kyautata riƙonsa.

Mun ja hankali kan wannan zangon ne domin masu ba da labarinta sukan tsallake shi da gaggawa su kai ga fagen fama. Matar da za a gani daga baya da salka a bayanta tsakanin masu rauni ta fara ne da zaman gida, bisa zaɓin kanta, saboda yaro guda. Ba ta ɗauki zaman a matsayin asara ba, kuma ba ta ɗauke shi a matsayin ƙarshen amfaninta ba.

Da Manzon Allah (SAW) ya yi hijira, Anas yana ɗan shekara 10. Ta raba mayafinta biyu, ta ɗaura masa rabi a ƙugu ta yafa masa rabi, ta kai shi gaban Annabi ta miƙa shi ya zama mai hidima, ta kuma roƙa masa addu'a. Annabi ya roƙa masa yawan dukiya da 'ya'ya da albarka a cikinsu. Anas ya yi shekara 10 a wannan hidima. Wato kafin ƙafarta ta taka wani fagen jinya, ta riga ta san hannun da ɗanta yake ciki.

Sai Abu Ɗalha, Zaidu ɗan Sahlu, ya zo neman aurenta, alhali bai musulunta ba tukuna. Mutum ne mai dukiya, gwanin harbi da baka, wanda ya mallaki lambun dabinon nan na Bairuha da ke fuskantar masallaci. Ta shaida masa cewa irinsa ba a mayar da shi, amma shi kafiri ne ita Musulma, aure bai halatta a tsakaninsu ba; idan ya musulunta, musuluntar tasa ita ce sadakinta, ba ta neman komai bayanta. Ya musulunta, aka ɗaura aure. Nasa'i ya kawo wannan ƙissa.

A watan Shawwal na shekara ta 3 bayan hijira aka gwabza a Uhudu. Maharba suka bar tudu, sahu ya watse, kusan mutum 70 suka yi shahada. Abu Ɗalha ya kare Annabi da garkuwarsa, yana harbi har baka biyu ko uku suka karye a hannunsa. A wannan yinin ne Anas ya ga mahaifiyarsa tare da Nana A'isha sun tattare tufafinsu, suna sassarfa da salkunan ruwa a bayansu, suna ɗura wa mutane a baki, su koma su ciko, su dawo. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai zubar jini ya san irin ƙishin da ke kama shi, ya kuma san ruwan da aka kai masa a kan lokaci ba ƙaramin magani ba ne.

Kuma ba rana ɗaya ce aka yi ta wuce ba. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya kasance yana fita yaƙi da Ummu Sulaim da wasu matan Ansar, suna shayar da ruwa suna yi wa masu rauni magani. Ummu Aɗiyya ta halarci yaƙi 7 tana dafa abinci tana jinyar marasa lafiya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz tana cikin masu mayar da masu rauni da gawawwaki Madina. Rufaida kuwa tanti gare ta a masallaci, a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Gwalalo, shekara ta 5. Jinya aiki ce sananniya a hannun matan sahabbai, da sanin Annabi da yardarsa.

A gida kuma tana da ƙananan yara. Akwai Abu Umair, wanda Annabi kan yi wa wasa yana tambayarsa labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Annabi yakan shiga gidan ya yi ƙailula, yakan kuma ja su sallar nafila, Anas a bayansa, ita a bayan Anas. Da aka tambaye shi dalilin yawan shigarsa gidanta, sai ya ce tausayinta yake ji, domin an kashe ɗan'uwanta a tafarkinsa. Haram ɗan Milhan ke nan, wanda aka yi wa kisan gilla tare da makaranta Alƙur'ani a Bi'iru Ma'una, shekara ta 4. Imam Nawawi ya bayyana cewa ita da Ummu Haram muharraman Annabi ne, don kada wani ya ɗauki wannan ya kafa hujja da shi inda bai dace ba.

Wani ɗanta da Abu Ɗalha ya kwanta ciwo, ya rasu uban ba ya gida. Ta gyara gawar ta rufe ta a gefen ɗaki, ta hana kowa sanar da shi sai ita. Da ya dawo da dare ya tambayi jikin yaron, ta ce masa ya fi kowane lokaci natsuwa. Ta kawo masa abinci ya ci, ta yi masa kwalliya, ya kusance ta. Bayan haka ta tambaye shi: mutanen da aka ba aron kaya, in masu kayan suka zo karɓa, suna da ikon hanawa? Ya ce a'a. Ta ce to ya nemi ladan haƙurin ɗansa. Abu Ɗalha ya yi fushi da ta bar shi har ya kai ga haka, ya kai ƙara da safe, Annabi kuwa ya yi musu addu'ar albarka a wannan daren. Ba mu son a riƙa amfani da wannan ƙissa a tsawata wa uwar da ta zubar da hawaye kan ɗanta, domin Annabi ma ya zubar a kan Ibrahim. Abin da muke gani a ciki shi ne mace mai iya riƙe kanta a gaban mutuwa, ta san lokacin da ake faɗin mugun labari da yadda ake faɗinsa. Masu aikin asibiti sun san wuyar wannan.

A Khaibara, shekara ta 7, ita ta shirya Nana Safiyya ta kai ta ɗakin Annabi. A Hunaini, shekara ta 8, Ibnu Hisham ya ce tana ɗauke da cikin Abdullahi, ta ɗaure ƙugu da mayafi, tana riƙe da raƙumin mijinta a lokacin da maza da yawa suka juya baya. Wuƙa ce a jikinta. Abu Ɗalha ya nuna wa Annabi, aka tambaye ta, ta ce duk mushrikin da ya matso za ta farke masa ciki. Annabi ya yi dariya.

A nan Zamfara wannan tarihi yana da mai jiransa. Akwai matan da suka kammala makarantar jinya da ungozoma ta Gusau, ko kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, suka yi aiki na ɗan lokaci, aure da haihuwa suka zaunar da su, yanzu an yaye auta suna son komawa. Tambayoyinsu kan iso mana a rubuce bayan karatu, kuma kusan iri ɗaya ne: maigida ya ce a'a, ko uwar miji ta ce wa zai riƙe yara, ko ita kanta tana jin kamar za ta ci amanar 'ya'yanta. A gefe guda kuma, magidancin da ya hana matarsa komawa aiki shi ne zai tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa a Bungudu ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau yana cewa namiji ba zai duba masa iyali ba. To wace macen ce za ta duba ta, in kowa ya tsare tasa? Jihar da ta ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoba na 1999 ta fi kowace buƙatar mata a ɗakunan jinyar mata. Imam Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda in kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta duka. Fitar Ummu Sulaim ta lokaci-lokaci ce, in an yi yaƙi a fita, in an gama a dawo gida, kuma mijinta na cikin tafiyar. Ma'aikaciyar jinya ta yau tana da aikin safe da na yamma da na kwana, wata kuma an tura ta wani gari, sai ta bi hanyar Tsafe da kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa ta. Saboda haka miji yana da hakkin a zauna da shi a yi shawara, yaro ɗan shekara biyu ma yana da hakkin da ba zai iya faɗa da bakinsa ba. Abin da za a zauna a kansa shi ne wa zai riƙe yara da amana, kaka ce ko gwaggo ko abokiyar zama, wane asibiti ne ya fi kusa, ko za a iya ɗaga mata aikin kwana har goyo ya yi ƙwari. Mijin da ya yi alkawari kafin aure cewa za ta ci gaba da aikinta, alkawarin yana wuyansa. Wanda kuma ya ce a'a tun kafin ya ji ta bakinta, ya tuna Abu Ɗalha yana Uhudu lokacin da matarsa ke ɗauko salka, bai ce ta ajiye ba.

Ba mai jin nauyin tambaya ba ce. Ita ce ta tambayi Annabi ko wanka ya wajaba a kan mace in ta yi mafarki irin na maza, har Ummu Salama ta rufe fuskarta don kunya, Annabi ya amsa mata cewa ya wajaba idan ta ga ruwa. Da mata suka yi mubaya'a kan barin kururuwar mutuwa, Ummu Aɗiyya ta ce mata 5 ne kawai suka cika, Ummu Sulaim ce ta fara ambata. Annabi (SAW) ya ba da labarin ya shiga Aljanna ya ji motsin tafiya a gabansa, aka ce masa Gumaisa'u 'yar Milhan ce, uwar Anas. Hadisai 14 aka ruwaito daga gare ta, kuma ta rasu a zamanin halifancin Usman, Allah Ya ƙara mata yarda.

Anas ya rayu har wajen shekara ta 93 a Basra, an ruwaito hadisai fiye da 2,000 daga gare shi. Abdullahi kuwa, wanda Annabi ya tauna dabino ya sa masa a baki ranar haihuwarsa ya kuma raɗa masa suna, an ga 'ya'yansa 9 duk sun karance Alƙur'ani. Ɗaya daga cikin 'ya'yan nasa shi ne Ishaƙa ɗan Abdullahi ɗan Abu Ɗalha, malamin Imam Malik, wanda duk ɗalibin da ke karanta Muwaɗɗa a zaurukan Gusau zai yi ta cin karo da sunansa, yana ruwaitowa daga baffansa Anas.