Arthur Wint: Likitan Da Ya Ci Wa Jamaika Zinaren Farko

Idan aka ambaci Jamaika a ajinmu, kafin a rufe baki wani zai ce Usain Bolt. To amma an haifi Bolt ne a 1986. Shekara 38 kafin haihuwarsa, wani dogon ɗalibin likitanci ya riga ya ɗora sunan wannan tsibiri a kan allon gasar Olamfik. Sunansa Arthur Wint, kuma shi ne baƙon allonmu na wannan mako.

Mu fara da ƙasar kanta, domin da yawa daga cikinmu ba za su iya nuna ta a taswira ba. Jamaika tsibiri ne a tekun Karebiyan, kudu da Kuba. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita dubu 11 ba, wato kusan rabin Jihar Kano. A lokacin da muke magana a kai mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, kuma akasarinsu jikokin mutanen da aka kwashe ne daga Afirka aka kai su bauta a gonakin rake. Kamar Nijeriya ta wancan zamani, ita ma tana ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila.

An haifi Arthur Stanley Wint ranar 25 ga Mayu, 1920, a wani ƙauye da ake kira Plowden, cikin gundumar Manchester ta Jamaika. Mahaifinsa limamin coci ne. Ya yi karatun sakandare a Kingston, babban birnin ƙasar, a makarantar Calabar, daga baya kuma ya koma Excelsior. Wanda ya ji Calabar ya yi zaton an yi kuskure, ba kuskure ba ne: sunan ya samo asali ne daga Kalaba ɗin nan tamu ta Nijeriya.

A Jamaika gudu ba abin da ake tunawa da shi sau ɗaya a shekara ba ne ranar gasar gidaje. Tun 1910 makarantun sakandaren ƙasar ke da babbar gasa da suke haɗuwa duk shekara, kuma har yau daga cikinta zakarunsu ke fitowa. A irin wannan fili Arthur ya tashi. Ya gwada gajeren gudu, ya gwada dogon tsalle da tsallen sama, kafin ya tsaya a kan mita 400 da mita 800. A 1937 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa cikin samarin ƙasar. Shekara ɗaya bayan nan, yana ɗan 17, ya je Panama ya ci zinare a mita 800 a gasar ƙasashen Amurka ta Tsakiya da Karebiyan.

Sai yaƙi ya shiga tsakani. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka soke Olamfik ta 1940 da ta 1944, wato daidai shekarun da ƙafar ɗan tsere ta fi kaifi. A 1942 Arthur ya shiga rundunar sojan sama ta Ingila, aka tura shi Kanada koyon tuƙin jirgi. Can ma bai bar gudu ba, har ya kafa sabon tarihi na mita 400 a ƙasar. A 1944 ya kammala horo, aka kai shi Ingila, ya riƙa tuƙa jirgin yaƙin nan da ake kira Spitfire. Mutum ne mai tsawon mita 1.94, shi kuwa wurin zaman matuƙi a wannan jirgi ɗan matsattse ne. Mai karatu ya ƙiyasta yadda yake naɗe ƙafafunsa a ciki.

A 1947 ya ajiye kakin soja ya shiga makarantar likitanci ta asibitin St Bartholomew da ke Landan. Yana tsakiyar wannan karatu Olamfik ta zo ta same shi har gida.

Gasar Landan ta 1948 gasar talauci ce. Yaƙi ya bar birnin da kufai, abinci ma da kati ake raba shi, ba a gina wa 'yan wasa sabon masauki ba, sai aka zuba su a barikokin soja da ɗakunan kwanan kwalejoji. Ƙasashe 59 suka halarta. Wannan ne karo na farko da Jamaika ta aika da tawagarta, 'yar ƙaramar tawaga, kuma Arthur ne kyaftin.

Abin mamaki, ba shi idanun duniya ke kallo ba. Tauraron tawagar shi ne Herb McKenley, wanda shi ma tsohon ɗalibin Calabar ne, kuma a wannan shekarar ya kafa tarihin duniya a mita 400. Kowa ya gama ba McKenley zinaren nan tun kafin a harba bindiga. Shi Arthur a mita 800 ake sa ran zai yi wani abu. Ya kuwa yi, amma ba abin da ya so ba: wani Ba'amurke, Mal Whitfield, ya riga shi isa layi da ɗan taƙi kaɗan, Arthur ya tashi da azurfa. Ku riƙe sunan Whitfield ɗin nan, zai sake dawowa.

Ranar 5 ga Agusta aka yi zagayen ƙarshe na mita 400 a filin Wembley. Waɗanda suka taɓa yin wannan gudu a cikinmu sun san mugun halinsa. Zagaye ɗaya ne tak, amma ya yi wa gudun yada-ƙanin-wani tsawo, ya kuma yi wa gudun lallaɓawa gajarta. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a rabin farko, ƙafafunsa za su koma kamar buhun yashi a mita hamsin na ƙarshe. Abin da ya sami McKenley ke nan. Ya fita kamar an harba kibiya, ya ba kowa rata, har ya shigo miƙaƙƙiyar hanya ta ƙarshe yana gaba. Arthur kuwa yana biye da dogon takunsa, bai gaggauta ba, bai kuma sassauta ba. Dab da layi ya kamo shi ya wuce. Daƙiƙa 46.2, daidai da tarihin Olamfik na lokacin. McKenley ya zo na biyu, Whitfield na uku.

Ƙaramin tsibiri da ya zo gasar karo na farko ya ɗauke na ɗaya da na biyu a gaban Amurka. Sai dai da Arthur ya hau dandamalin karɓar lamba, taken Ingila aka buga masa. Jamaika ba ta da taken kanta a lokacin, tutar nan mai baƙi da kore da rawaya da muke gani a kafaɗar 'yan tserenta ma sai a 1962 aka ɗaga ta, da ƙasar ta sami 'yanci.

Da a nan labarin ya tsaya, da mun ce ya yi daɗi. Amma kwana biyu bayan haka akwai sauran tsere guda, gudun miƙa sanda, mutum huɗu kowa ya yi mita 400. Jamaika ta fito da George Rhoden, da Leslie Laing, da Arthur Wint, da Herb McKenley a ƙarshe. Ga McKenley wannan ce damarsa ta rama abin da ya kuɓuce masa. Ga Rhoden da Laing kuwa ita ce damarsu ta komawa gida da lamba a wuya.

Sanda ta iso hannun Arthur, mutum na uku, Amurka tana gaba da tazara. Ya zuba gudu don ya rufe ta. A tsakiyar zagayen tsokar ƙafarsa ta riƙe. Ya yi ɗingishi ya fita daga layi, ya zube a kan ciyawa yana buga sandar a ƙasa don baƙin ciki. McKenley yana tsaye a wurin karɓa, sandar ba ta taɓa iso shi ba.

Ni a ganina nan ne ainihin labarin mutumin nan yake. Wanda ya faɗi a tseren kansa, kansa kaɗai ya yi wa hasara. Wanda ya faɗi da sanda a hannu kuwa, ya faɗi ne da gumin mutum uku. Kuma ƙasa irin Jamaika ba ta da tarin 'yan tsere a ajiye da za ta ce gobe ma rana ce. Amurka za ta iya sauya duka mutum huɗun nan ta kawo wasu huɗu masu ƙarfinsu. Jamaika mutanen da take da su ke nan. Arthur yana da shekara 28, ga zinare a hannu, ga karatun likita da ba ya barin mutum ya yi barci isasshe. Da ya ce ya gama gudu daga nan, babu wanda zai ga laifinsa.

Bai gama ba. Ya ci gaba da haɗa ɗakin marasa lafiya da filin atisaye har shekara huɗu.

A 1952 aka koma Olamfik a Helsinki, babban birnin Finland. A nan ne ma Nijeriya ta fara halartar gasar, kodayake sai a 1964 ta ci lambarta ta farko, tagulla a damben zamani ta hannun Nojim Maiyegun. Jamaika ta zo da mutum huɗun nan dai, ba a sauya ko ɗaya ba. Arthur yanzu yana da shekara 32, tsufa ne sosai ga ɗan tseren mita 400.

Gasar ba ta fara masa da daɗi ba. A mita 800 Whitfield ya sake kayar da shi, ya sake ɗaukar azurfa. A mita 400 kuwa, kambun da yake karewa, ya yi irin kuskuren da McKenley ya yi a Landan: ya fita da zafi, ƙarfinsa ya ƙare, ya zo na biyar. Sai dai kambun bai bar gida ba, domin Rhoden ne ya ci, McKenley ya zo na biyu. Shi McKenley, bawan Allah, a mita 100 ma na biyu ya zo, bayan da alƙalai suka duba hoto kafin su iya raba shi da wanda ya ci. Azurfa uku ke nan a Olamfik biyu, babu zinare ko ɗaya.

Ranar 27 ga Yuli aka zo gudun miƙa sanda. A wannan karon Arthur ne ya fara. Ya yi kafaɗa da kafaɗa da Ba'amurke Ollie Matson, ya miƙa sanda lafiya a hannun Laing. Shi Laing asalinsa ɗan gajeren gudu ne, mita 200 ne fagensa, don haka Ba'amurke na biyu ya tsere masa, tazarar ta haura mita goma. Wanda ya karɓi sandar Amurka na uku kuma shi ne Charles Moore, wanda ya riga ya ci zinare a tseren tsallake shinge na mita 400 a wannan gasa. A ƙa'ida an gama. Sai McKenley ya yi gudun da har yau ake ba da labarinsa: daƙiƙa 44.6, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Ya kamo Moore daidai wurin miƙa sanda, ya ba Rhoden da ɗan rinjaye. Wanda Rhoden zai kara da shi kuwa ba kowa ba ne face Whitfield. Zagaye guda cur Whitfield yana manne da bayansa, bai iya wuce shi ba. Jamaika ta gama a minti 3 da daƙiƙa 3.9, sabon tarihin duniya. Amurka ta biyo da bambancin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa.

Jamaika ta bar Helsinki da zinare biyu da azurfa uku, dukansu daga ƙafafun mutum huɗun nan.

A 1953 Arthur ya yi tserensa na ƙarshe a Wembley, a shekarar kuma ya zama cikakken likita. A 1954 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girmamawa. Yana da suna a Landan, Turawa na ƙaunarsa, har suna masa laƙabi da ƙato mai sanyin hali saboda tsawonsa da tausasa harshensa. Zama a can ba zai yi masa wuya ba. Amma a 1955 ya tattara ya koma Jamaika. Daga baya ya tafi Hanover, wata gunduma ta karkara a can ƙuryar yammacin tsibirin, inda ya kasance shi kaɗai ne likitan da ke zaune a gundumar. Mutanen da ke kawo masa yara masu zazzaɓi da tsakar dare ba don zinaren Wembley suke ƙwanƙwasa ƙofarsa ba.

A 1973 ƙasarsa ta karrama shi, sannan daga 1974 zuwa 1978 ta naɗa shi jakadanta a Birtaniya, yana kuma kula da Suwidin da Denmak. Mutumin da aka buga wa taken Ingila a Landan saboda ƙasarsa ba ta da nata, shi ne ya dawo birnin yana wakiltar ƙasa mai 'yanci. Da wa'adinsa ya cika ya sake komawa gida ya ɗauki aikin asibiti a garin Linstead.

A Linstead ɗin ya rasu ranar 19 ga Oktoba, 1992, yana da shekara 72. Ranar ta zo daidai da hutun da Jamaika ke yi kowace shekara don tunawa da gwarazanta. A Kingston akwai titi da aka sa wa sunansa, kuma shi ne titin da ɗaliban sakandare ke bi duk shekara idan za su shiga babban filin wasa na ƙasa don gasar makarantu.